Adakar Mato Mai-hoto

Ruwan Agusta ne ya tona asirin rufin ɗakin,
muka jawo adakar daga ƙarƙashin gado.
Makullinta ya ɓata tun ranar da mai ita ya kwanta dama,
sai da Bawuro maƙeri ya sa guduma.
Warin tsatsa, warin kashin ɓera,
sannan fuskoki.
Garwa ce kwance a ciki, an ɗaure ta da zaren buhu,
ɗari-ɗari, kamar kuɗin da ba a kashe ba.

Gara ta riga mu karatu.
Ta cinye 'yan ƙwallon unguwa su goma,
ta bar mai tsaron gida shi kaɗai rungume da kofi.

Ofishin magajin gari suka ba ni takarda mai layi uku:
suna, wuri, shekara.
In na cike, za su adana a ɗakin tarihi,
inda fanka ke juyi a kan kundin Faransawa.
Kakana kuwa bai rubuta komai a bayan hoto ba
sai "ya biya", ko "saura dala biyu".

Na soke fensir a kunne, na nufi gidan Goggo Dudu.
Ta haura tamanin, yana ta rufe mata ido ɗaya.
Ta kai hoton bakin hanci kamar mai shinshinar daddawa.
"Wannan Jatau ne mai awon gyaɗa,
babban yatsansa ya fi dutsen sikeli nauyi.
Rubuta."
Na ce babu layin wannan.
Ta ce, "To takardarku ce ta yi kaɗan."

Ga tashar jirgi, Binuwai ta cika ta batse,
mai hayaƙi ya hauro da gishiri da siminti,
yana sauri ya kwashi auduga kafin ruwa ya janye.
Mutum bakwai a kan katako, buhu a wuya.
Na taɓa ganin ɗan'uwan hoton nan a kundin ofis,
an buga masa kalma guda da Faransanci, wai 'yan dako.
Kalma guda ta haɗiye mutum bakwai, ko gyatsa ba ta yi ba.

Goggo ta bi su da farce:
Tanko Gajere. Hamajoda. Ɗan'azumi mai tari.
Barmo da ƙanensa, da suka tako daga Yola a ƙafa.
A kan na shida farcen ya tsaya.
Ta gyara ɗankwali, ta kori kazar da ba ta yi mata komai ba.
"Ya taɓa kawo mini 'yan kunne a cikin kwalin ashana.
Ruwa ya tafi da shi.
Sa Iro kawai, sauran ba na ofis ba ne."

Na bakwai ya waiga daidai lokacin da kakana ya danna,
fuskarsa ta zama hayaƙi.
Hula dai ta fito, da tabo a gwiwar hannu,
da ƙafa mai faɗi irin ta wanda bai san takalmi ba.
Goggo ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa,
ta ce, "Wanda zai san shi, mun binne shi bara."

Na mayar wa ofis takardunsu, rubutu har gefe,
akawu ya ɓata rai, ya buga hatimi.
Wannan ɗaya na hana su.
Yana rataye a shagon Sambo tela, bakin babbar kasuwa,
tsakanin kalanda da madubi,
da fensir ɗaure a zare.
Masu jiran ɗinki sukan ɗaga kai.
Jiya wata mai kifi ta daɗe tsaye a gabansa,
ta ce gobe za ta zo da yayarta.